Makarantu biyu sun ƙi ɗaukata karatun zane mai motsi, in sake nema ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Shekaruna 27. Na yi digirin farko a fannin kwamfuta, sakamakona ba yabo ba fallasa. Shekara uku ke nan ina aiki a wani kamfanin talla, ina zayyana tambari da fosta da gajerun bidiyon talla. Zane kuwa tun ina ƙarama nake yi, kuma na koya wa kaina Blender, manhajar yin zane mai motsi, ta YouTube. Burina in yi digiri na biyu a fannin zane mai motsi da zayyana. Bara na nemi makarantu biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Ingila, duka suka ƙi ɗaukata, ko dalili ba su faɗa ba. Na tura musu zane sama da 40, yawanci jaruman katun na Japan da nake so, da tamburan da na yi a wurin aiki, da wani ɓangare na fim ɗin minti 15 da na fara shekara biyu da suka wuce, har yanzu ban gama ba. Mahaifina ya ce wasan yara ne, in kama abin da zai fisshe ni. Yayana kuwa ya ce in sake nema, idan aka ɗauke ni zai ciyo bashi ya biya. Akwai kuma wani ejan da ya ce in ba shi kuɗi ya rubuta min takardun ya samo min gurbi. Anti, sakamakona ne ya kayar da ni? In sake gwadawa ko in haƙura?

Daga ƙanwarki mai son zane.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Bari mu fara sallamar ejan ɗin nan. Kada ki ba shi ko sisi. Makarantun da kike nema kai tsaye suke karɓar takardu ta shafinsu na intanet, kuma babu wani ɗan tsakiya da ke da ta cewa a kan wanda za a ɗauka. Iyakacin abin da zai yi miki shi ne ya ɗauko takardar da ya rubuta wa wasu ya canza suna. Ranar da malamai za su gana da ke ta bidiyo su tambaye ki abin da kike nufi da sakin layi na biyu, ba ya nan. Idan kuma aka gane wani ne ya rubuta miki, ana iya soke gurbin ko da an riga an ba ki.

Batun sakamako, a ganina ba shi ne ya kayar da ke ba. A makarantun fasaha ana duba takardar digiri ne don a tabbatar kin cika sharaɗi, sai a wuce zuwa kundin ayyukanki, a nan ake yanke hukunci. Yadda kika siffanta naki kundin, ni ma da ina cikin kwamitin da ban ɗauke ki ba. Kada ranki ya ɓaci, domin wannan labari ne mai daɗi. Sakamakon digiri ya riga ya bushe, ba abin da za ki iya yi masa. Kundi kuwa a hannunki yake.

Ki ƙaddara malamai biyu ko uku ne zaune a gaban kwamfuta, ga masu nema jingim, kowa 'yan mintuna zai samu. Suka buɗe naki. Hoton farko jarumi ne mai manyan idanu da gashi tsaye-tsaye, an zana shi tsaf, inuwa ta zauna daidai. Na biyu ma haka, na goma ma haka. Sun riga sun ga wannan jarumin a kundin mutane da yawa kafin naki, kuma abu ɗaya yake gaya musu: wannan ta iya kwaikwayo. Wanda ya ƙirƙiri jarumin shi ya yanke tsawon ƙafarsa da faɗin kafaɗarsa da launin rigarsa, ke sahunsa kawai kika bi. Su kuwa shawararki suke son gani: abin da idonki ke kamawa idan kin kalli mutane, da labarin da ke cin ki a rai. Daga nan suka zo kan fim, suka tarar da minti biyu na buɗe fage, kyamara tana ta yawo a kan gari, ba a kai ga komai ba ya yanke. A digiri na biyu ana sa ran ɗalibi ya fitar da fim ɗinsa na kammalawa cikin ƙayyadadden lokaci. Wanda ya turo abin da bai gama ba ya riga ya amsa musu tambayar da suka fi jin tsoro.

Yanzu ki zauna mu yi lissafin fim ɗin nan naki, don ki daina zargin kanki da lalaci. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan. Masu zanen hannu sukan sauƙaƙa wa kansu su bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ya zama zane 12 a sakan. Minti ɗaya zane 720 ke nan. Minti 15 kuwa 10,800, ba a zo maganar bango da launi da sauti ba. A Blender gaskiya ne kwamfuta tana cike tsakanin motsi, amma sai kin gina jikin, kin sa masa ƙasusuwan da zai motsa da su, kin haska fagen, sannan ki zauna jiran na'ura ta fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya. Nick Park, wanda ya ƙirƙiri jaruman katun Wallace da Gromit, ya fara fim ɗinsu na farko a 1982 yana ɗalibi a makarantar fim ta NFTS a Ingila. Fim ɗin bai kai rabin sa'a ba, amma sai a 1989 ya fito, bayan ya kama aiki a kamfanin Aardman sun taimaka masa ya ƙarasa. Ke da kike dawowa daga ofis a gajiye ki zauna da dare, kin ɗauko abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ki ajiye shi. Ban ce ki goge ba, ki adana shi a wani wuri ki rufe. Ki yi sabo na sakan 60 zuwa 90, mai mutum ɗaya ko biyu, a wuri ɗaya, abu ɗaya ya faru. Yarinya tana ƙoƙarin ɗauko wani abu daga saman kabad ba tare da ta tashi mai barci ba. Tsoho yana neman tabaransa alhali yana bisa goshinsa, jikansa yana kallo ya ƙi faɗa. Irin wannan ƙaramin abu ya isa, in dai naki ne kuma yana da farko da ƙarshe. Ki fara da jerin zanen labarin a takarda, akwati-akwati. Ki ɗauki hotonsu ki jera a manhajar haɗa bidiyo, ki sa sauti ko da da bakinki kika yi, ki kalla. A wannan matakin za ki gane inda labarin ke jan ƙafa, kuma gyara a nan ba ya cin komai sai goge fensir. Ki nuna wa mutum biyu da ba su san labarin ba, kada ki yi musu bayani. Idan suka tambaye ki me ya faru, aiki bai yi ba tukuna. Sai ya tsaya da ƙafarsa sannan ki fara motsa jiki.

Wajen motsin, nauyi da lokaci su ne abin da idon malami ke fara kamawa. Ki ɗauki mutumin da zai ɗaga akwati mai nauyi. Kafin ya taɓa shi sai ya ɗan tsaya ya dube shi, ya buɗe ƙafafu, ya durƙusa, ya ja numfashi. Tashin farko a hankali yake zuwa, hannaye a miƙe, kai ya ja baya, duk jikin ya karkata don ya rama nauyin. Takunsa gajeru ne, masu sauri. Idan ya zo ajiyewa akwatin ne ke riga shi sauka, jikinsa ya biyo baya, sai daga ƙarshe kafaɗu su saki. Wanda bai lura da wannan ba zai sa mutumin ya sunkuya ya miƙe da gudu iri ɗaya, mai kallo ya ji akwatin fanko ne ko da an zana shi ƙato. Ki jingina wayarki, ki ɗauki kanki kina ɗaga abu mai nauyi na gaske, ki kalla hoto-hoto. Sakan goma na irin wannan da aka yi da kyau ya fi zane arba'in ɗin nan naki daraja a wurin kwamiti. Kuma kada ki damu da tsadar manhaja. Blender kyauta ce, tana da sashen zanen hannu da ake kira Grease Pencil. Manhajar zane ta Krita kyauta ce. OpenToonz ma kyauta ce tun 2016, kuma daga manhajar da Studio Ghibli, kamfanin katun na Japan, ke aiki da ita ta samo asali.

Tare da fim ɗin, ki sayi littafin zane ƙarami da zai shiga jaka, ki riƙa zana mutane na gaske: masu jiran mota, mai barci a kujera, yaro yana ɗaure takalmi, hannun mahaifiyarki tana aiki. Zanen minti ɗaya ko biyu, ba gogewa, ba ƙawatawa. Ki zana ɗakuna da tituna don a ga kin fahimci nisa da kusa. Shafukan nan masu datti, da layi a kan layi, su malamai ke tsayawa a kansu, domin a nan ake ganin yadda mutum ke tunani. Af, tun da mun zo nan, ki sani a makarantun fasaha da yawa ajin zanen jikin ɗan Adam ana yin sa ne da mutumin da ba ya sanye da tufafi. Idan hakan zai dame ki, ki tambayi makaranta tun kafin ki nema ko dole ne a shirin da kike so, kada sai kin isa ki tarar.

Ayyukan ofis kada ki zubar da su duka, tun da da zayyana a cikin abin da kike nema. Ki zaɓi biyu ko uku mafi kyau, ki nuna hanyar da kika bi: abin da mai kaya ya nema, zanen farko da kika watsar, dalilin da ya sa kika canza launi ko rubutu, sannan na ƙarshe. Ki nemi izinin kamfani kafin ki saka. Duk aikin da kuka yi ku da yawa, ki rubuta ainihin abin da hannunki ya yi a ciki. Idan kin yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira a wani wuri, ki faɗa, kuma ki karanta ƙa'idar kowace makaranta a kan haka, don ba bakinsu ɗaya ba. Kundin gaba ɗaya kada ya wuce adadin da suka ƙayyade. Mafi kyau a gaba, kuma duk abin da kike shakkar sa ki cire shi.

Akwai tambayar da ba ki yi min ba, ita ce ta fi muhimmanci: me kike so digirin ya yi miki? Zane mai motsi da zayyana fage ne mai faɗi, kuma makarantu ba abu ɗaya suke koyarwa ba ko da sunan shirin ya zo ɗaya. CalArts da ke Kalifoniya, wadda Walt Disney ya taimaka aka kafa a 1961, ita ce kowa ke ambata saboda manyan masu shirya fim irin su John Lasseter da Brad Bird da Tim Burton sun bi ta can. Amma shahararren shirinta na motsa jarumai digirin farko ne kawai. Wanda ake yi a mataki na biyu shi ne na gwaje-gwajen fasaha, inda ake neman mai salon kansa, ko da abin da zai yi bai yi kama da katun ɗin talabijin ba. Wanda ya tura musu kundi irin na neman aiki a sutudiyo ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba. Gobelins da ke Paris tana da digiri na biyu na shekara biyu da ake koyarwa da Turanci, kuma ɗalibanta a ƙungiya suke yin fim ɗin kammalawa, yadda ake aiki a kamfani. A UCLA akasin haka ne, ƙa'idarsu mutum ɗaya fim ɗaya, kome da kome kai za ka yi. NFTS tana horar da masu ba da umarni ne, shekara biyu, kana aiki tare da ɗaliban sauti da kiɗa da tace hoto. Royal College of Art da ke Landan ba ta yin digirin farko sam, kuma digirinta na biyu yanzu shekara ɗaya ne. Akwai kuma shirin haɗin gwiwa na Turai mai suna RE:Anima, wanda ɗalibi ke zagaya makarantu uku, a Beljiyam da Finland da Fotugal.

Hanya mafi sauƙi ta gane wadda ta dace da ke ita ce ki kalli finafinan kammalawa na ɗalibansu na shekarun baya-bayan nan. Yawancinsu suna YouTube ko Vimeo, kuma bikin finafinan zane na Annecy a Faransa, wanda ake yi tun 1960, yana da rukuni na musamman na finafinan ɗalibai. Ki kalli goma daga kowace makaranta. Inda kika ji kishi ya kama ki, kina cewa ina ma ni na yi wannan, nan ne wurinki. Ki duba su waye malaman da abin da suka yi. Ki nemi tsofaffin ɗalibai a LinkedIn ki yi musu gajeriyar tambaya cikin ladabi, wasu za su amsa.

Digirinki na kwamfuta da kike gani kamar cikas, jari ne. Sutudiyo suna buƙatar masu haɗa ƙasusuwan jarumai, da masu rubuta ƙananan manhajoji da harshen kwamfuta na Python don sauƙaƙa wa masu zane aiki, da masu sarrafa ruwa da wuta da hayaƙi da gashi. Masu zane suna da yawa, masu rubuta manhaja ma haka, amma wanda ya haɗa biyun ba a cika samun sa ba. Idan wannan ɓangaren yana burge ki, ki duba shirye-shiryen da suka karkata can, ki kuma sa misali ɗaya a kundinki.

In kuwa burinki kawai ki samu aiki a sutudiyo ne, to gaskiya ba dole sai da digiri na biyu ba. Masu ɗaukar aiki bidiyon ayyukanki na minti ɗaya ko biyu suke kallo, gani ya kori ji. Gints Zilbalodis, ɗan ƙasar Latbiya, bai yi makarantar fim ba, kuma da Blender ɗin nan da ke kwamfutarki aka yi fim ɗinsa Flow, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Akwai makarantun intanet irin su Animation Mentor da ma'aikatan manyan sutudiyo ke koyarwa a ciki, ba sa ba da digiri amma suna gyara hannu, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na jami'a ba. Abin da digiri na biyu ke ba mutum shi ne lokaci na yin aikinsa ba tare da mai kaya a kansa ba, da malamai da abokan karatu da za su faɗa masa gaskiya duk mako, da kayan aiki, da mutanen da zai yi shekaru yana hulɗa da su a sana'a. Ga mai son koyarwa a jami'a kuma, musamman a Amurka, digirin MFA, wato digiri na biyu na fasaha, shi ne matakin ƙarshe da ake nema a fannin fasahar hannu. Idan waɗannan kike so, neman yana da ma'ana.

Sai bashin yayanki. Allah ya saka masa da alheri, ba kowane ɗan'uwa ke faɗin haka ba. Amma ki gode masa ki ce a'a. Kuɗin makaranta kawai a irin su CalArts ya haura dala 50,000 a shekara, ban da haya da abinci da inshorar lafiya, kuma MFA a Amurka yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Sana'ar nan kuma ba ta da tabbas irin wanda ake cin bashi a kansa. Aiki yakan zo ne kwangila-kwangila, fim ya ƙare a sallami mutane. Pixar kanta, babbar sutudiyon katun ta Amurka, ta rage ma'aikata kusan 175 a 2024. Takardar izinin zama bayan karatu ma ƙa'idojinta suna canzawa daga gwamnati zuwa gwamnati. Idan abu ya karkace, ba ke kaɗai za ki shiga uku ba, har da shi da iyalinsa, kuma zumuncin da bashi ya shiga tsakaninsa da wuya ya koma yadda yake. In yana son taimakawa, ga inda taimakonsa zai yi amfani ba tare da ya ci bashi ba: kuɗin jarrabawar Turanci, kuɗin cike fom na makarantu, ko allon zane na kwamfuta mai kyau.

Ki sa wa kanki sharaɗi tun yanzu, cewa ba za ki tafi ba sai da tallafin da ya ɗauke mafi yawan nauyin. Wannan zai canza jerin makarantun da za ki nema. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan digiri na biyu na shekara ɗaya, tana neman gogewar aiki ta shekara biyu, wadda kina da ita, kuma sai kin koma ƙasarki na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Ki lura, shirin shekara biyu irin na NFTS bai shiga tsarinta ba. Akwai Fulbright ta Amurka, da DAAD ta Jamus, da MEXT ta Japan, da Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai. Kowace tana da jerin ƙasashen da take karɓa da nata sharuɗɗan, ki karanta su a shafinsu da idonki. A nan ne sakamakon digirinki zai iya yin tasiri, domin masu ba da tallafi sun fi makarantun fasaha duba maki. Jami'o'in gwamnati a Amurka sukan rage wa ɗalibin digiri na biyu kuɗi ko su yafe idan yana taimaka wa malamai koyarwa, don haka kada ki tsaya kan manyan sunaye kawai. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan kuɗin zango, in ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 a zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba. Sai dai shirye-shiryen fasaha da yawa a can da Jamusanci ake yin su, kuma sai kin nuna kuɗin zama kafin a ba ki biza. Makaranta biyu ma sun yi kaɗan. Ki nemi biyar ko shida, ki gauraya masu wuyar shiga da masu sauƙi.

Takardar bayanin manufa ita ce wurin da mutane ke ɓata shafi guda suna cewa tun suna yara suke son zane. Kowa da ke neman gurbin tun yana yaro yake son zane. Ki faɗi abin da kike yi yanzu, inda kika maƙale, da abin da ya sa wannan makarantar ce za ta warware miki. Wadda ta rubuta cewa tana da matuƙar sha'awar zane mai motsi kuma tana fatan ba da gudummawa ga duniya ba ta faɗi komai ba. Wadda ta rubuta cewa ta yi fim na sakan 80 a kan yaro da kakansa, ta gane tana iya motsa jiki amma fuska tana gagarar ta, kuma tana son yin aiki da malami wane saboda yadda yake sarrafa shiru a finafinansa, wannan an san da wa ake magana. Kowace makaranta a rubuta mata tata. Ki faɗi fim ɗin da kike son yi a can, ko da daga baya zai canza.

Sauran takardu ba wuya gare su, lokaci kawai suke ci. Masu rubuta miki takardar shaida su zama waɗanda suka ga aikinki da idonsu, shugabanki a ofis da malami ɗaya da ya san ki, ba mai babban muƙami da bai taɓa ganin zanenki ba. Ki sanar da su wata biyu kafin lokaci, ki tura musu kundin. Takardar sakamako daga jami'a ki neme ta da wuri, don takan yi jinkiri, wasu makarantun Amurka kuma za su ce sai wata hukuma irin WES ta tantance ta. Jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL shekara biyu sakamakonta ke aiki, kuma shirye-shirye da yawa maki 6.5 suke nema a IELTS. Makarantun Amurka galibi tsakanin Disamba da Janairu suke rufe karɓa, wasu masu ba da tallafi kuma suna riga su rufewa da watanni. Ki rubuta ranakun a takarda ɗaya ki manna inda za ki riƙa gani. Ki kuma aika wa makarantun bara gajeren saƙo ki tambaya ko za su faɗa miki abin da ya kamata ki gyara. Wasu ba sa amsa irin wannan, amma tambayar ba ta cin kuɗi.

Game da Baba, kada ki ja da shi. Tsoron da yake ji na uba ne, yana son ya ga kin tsaya da ƙafarki, kuma a cikin maganarsa akwai gaskiyar da na riga na faɗa miki game da rashin tabbas. Abin da bai gani ba shi ne inda sana'ar ke shiga: tallace-tallace, wasannin kwamfuta, bidiyon koyar da likitoci yadda ake tiyata, hotunan gine-gine kafin a gina su, darussan yara. Ki nuna masa tallan da kika yi wanda aka biya kamfaninku a kansa. Ki gaya masa ba za ki bar aikinki ba, ba za ki bari a ci bashi ba, kuma ba za ki tafi ba sai da tallafi. Uba da ya ji waɗannan ukun yawanci hankalinsa yakan kwanta, ko bai fito ya ce ya yarda ba. Ranar da fim ɗin ya kammala, ki fara nuna masa kafin kowa.

To, ki sake nema, amma da sharaɗin fim ɗin ya kammala, da sauti da komai, aƙalla wata guda kafin ranar rufewa ta farko. Idan lokacin ya zo bai gamu ba, ki bar wannan shekarar ta wuce ki nemi ta gaba, kada ki sake biyan kuɗin fom ki tura rabin aiki. Shekara 27 ba tsufa ba ne a ajin digiri na biyu, za ki tarar da waɗanda suka girme ki sosai. Idan kin gama jerin zanen labarin a takarda, ki turo min in duba kafin ki fara motsa komai.